Ranar da Gwaggo Ba Ta Hau Tsauni Ba

Da sunan Allah Mai aiko iska ta inda Ya so, Mai juyar da ita ba tare da Ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku waɗanda kuka cika mini zaure da safiyar nan kuka shanye mini fura, ku gyara zama. Kun daɗe kuna tambayar juna a bayan idona abin da ya sa tsoho Anaruwa yake ƙwanƙwasa 'yar ganga kowace safiya alhali shi ba makaɗi ba ne, da abin da ya nannaɗe masa yatsun hannun dama. Har na ji wani cikinku yana cewa taɓin hankali ne. Na gane muryarsa, na dai ƙyale shi. Yau zan gaya muku, amma duk wanda ya katse ni, daga nan labarin ya ƙare.

Ina da shekara ashirin da biyu na ƙone garin nan da kuke zaune a ciki. Iyayenku sun sani, kara ce ta hana su gaya muku. Gafiya ɗaya tak na bi, ta shige yayi, busasshiyar ciyawar nan ta bayan gari, na ƙyasta wuta don hayaƙi ya koro mini ita. Iska tana kaɗawa yamma, gari yana gabas, na duba sau biyu. Kafin in gyara riƙon sandata iskar ta juya. Ni kaina ban tsira ba sai da na faɗa wurin da wutar ta riga ta cinye, na kwanta cikin toka mai zafi. Rumbu arba'in da ɗaya suka tafi. Uku kaɗai suka rage, su ma don an cire musu jinka ne za a ɗora sabuwa, wutar ta lashi laka ta wuce. Yayana Cindo ya tsaya a kan tokar rumbunsa, bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Cewa ya yi, "Tafi. Kada ka sake taka garin nan sai ka san abin da iska za ta yi kafin ta yi shi." Da duka ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Haka na shiga duniya neman ilimin iska. Na yi shekara uku a wani birni mai dogayen hasumiyoyi, inda malamai suke zama a sama da gashin jimina a hannu, suna rubuta inda ya karkata. Ranar da na tambayi babbansu ina iska za ta nufa gobe, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Gobe ka dawo mu gaya maka." Na ce masa inda take kaɗawa yanzu ai ko akuyar gidanmu ta sani, aka kore ni. Na je wata ƙasa da aka ce mutanenta suna ɗaure iska a cikin salka su ajiye. Wata bakwai ina yi musu bauta kafin su yarda in kwance bakin guda, da na kwance ban ji komai ba sai warin bunsuru.

Daga nan na isa bakin teku, na shiga wani jirgi da aka fafe daga duma guda ɗaya, mu arba'in a ciki har da dabbobi. A kwana na goma sha ɗaya wani kifi ya taso, wanda bayansa ya fi filin kasuwar garin nan faɗi, ya kama sosa jikinsa da jirginmu kamar yadda saniya take yi da gindin bishiya. Duma ya fara tsagewa, maza suna salati, mai jirgi yana kuka. Ina da burgamen barkono da nake ci da ƙanzo. Da kifin ya ɗago hancinsa kusa da ni, na juye masa duka. Atishawa ɗaya ya yi. Ban san tafiyar kwana nawa muka yi cikin ƙiftawar ido ba, na dai farka a kan yashi ni kaɗai, bakina cike da ruwan gishiri, ban ƙara jin labarin sauran ba.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ban ga komai ba. Wani farin hazo ne ya rufe duniya, amma hazo mai ruwa, wanda yake jiƙa gashin ido ya ɗiga a gemu. Na ji muryoyi na bi, sai ga mata sun shanya manyan ragogi a tsakanin turaku, hazon yana ratsawa yana zama ruwa, yana gangarowa cikin tuluna. Na saki baki. Mutanen da suke kamun ruwa da raga kamar kifi!

Sunan garin Birnin Raɓa. Teku ce a gabansa, bayansa kuma wani tsauni ne da ake kira Kandamau, wanda ba a taɓa jin wanda ya ƙetare shi ba. Suka kai ni gaban shugabansu, Magaji Korau, wani ƙaƙƙarfan dattijo mai yawan dariya. Ya sa aka ba ni abinci, sannan ya tambayi sunana. Na ce Anaruwa, domin ana tsakiyar ruwan sama aka haife ni. Sai fada ta ɗauki sowa, wata tsohuwa har da guɗa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me na faɗa?"

Ya ce, "Baƙo, Allah ne ya jefo mana kai. Jibi za mu saki wuta, kuma a al'adarmu ɗan gari ba ya cinna ta, sai hannun baƙo. Ga baƙo, ga ruwa a sunansa. Me ya fi wannan?"

Jin kalmar wuta na ja da baya. Na ce masa rabona da ƙyasta wuta shekara tara, ko ta dafa abinci sai dai in roƙa. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya bayyana mini yadda abin yake. Danshin teku yana ruɓar da hatsi, saboda haka irin shukarsu ba ya kwana a gari. A can tsakiyar tsauni suke ajiye shi, cikin rumbunan laka guda bakwai. Irin da ƙasar take da shi ke nan, in ya tafi babu maƙwabcin da za a roƙa, daga teku sai dutse. Kowace shekara, in ciyawa ta bushe, sukan ƙone wadda take sama da rumbunan don kada wutar tsawa ta same ta a tsaye. Iskar teku, wadda suke kira Gwaggo domin kullum da safe takan zo musu da tsarabar ruwa, ita take kora wutar sama har ta kai ga tsurar dutse ta mutu.

Na ce, "In kuma Gwaggon ta juya fa?"

Ya ce, "Taho ka gani."

Ya kai ni bakin ruwa, inda aka kafa wani tsohon turke, an ɗaura masa farin tsumma. Ya ce ranar sakin wuta ana matse tsumman nan da sassafe. In ya ba da ɗigo uku, Gwaggo tana nan da ƙarfinta har yamma, a saki wuta. In bai ba da ba, a fasa. Shekara talatin yana sarauta, tsumman bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Wallahi sai da na yi hawaye. Shekara tara ina yawo, ashe ilimin da nake nema tsumma ne a jikin turke! Nan take na fara tsara yadda zan shiga garinmu, da irin kallon da zan yi wa Yaya Cindo. Murna ta rufe mini ido har ban tsaya a kan wata magana da Magaji ya yi a kan hanyar komawa ba. Ya ce bana an yi ruwan da ba su taɓa gani ba, ciyawa ta ninka tsawon mutum, ta ƙi bushewa da wuri, sun makara da ƙuna wata guda cur. Ni da nake ɗan ƙasar da ruwa yake alheri zalla, sai na ce masa ai shekarar ruwa ba ta da abin tsoro. Ban lissafa cewa duk ruwan nan ya zama ciyawa ba, ciyawar kuma ta bushe tana jira.

Ranar ta zo. Da hannuna na matse tsumman, ya ba da ɗigo uku, har na huɗu ya leƙo. Aka zuba garwashi a kasko aka ɗora mini a kan gammo, muka kama hawa, ni da Magaji da maza kamar sittin, kowa da doguwar gora ta gyara bakin wuta. A wata al'adar tasu kuma, kaskon da ya bar bakin ruwa ba ya komawa da wutarsa.

Muna cikin hawa, daidai wata tsohuwar bishiyar kuka, sai kaina ya fita daga hazo kamar wanda ya ɗago daga cikin kogi. Na tsaya cak. Daga ƙirjina zuwa ƙasa sanyi, daga wuya zuwa sama zafi. Na waiwaya na ga hazon a shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ya rufe gari da teku. Sama kuwa tas, ƙololuwar Kandamau ta matso kusa har ina ganin tsagar duwatsunta. Kafin mu yi taku ɗari rigata da ta jiƙe ta bushe ƙamas, leɓena ya fara tsagewa. Na tambayi Magaji ko haka abin yake kullum. Ya ce da ma sama ta fi ƙasa zafi, in daina tsoro.

Rumbunan suna jere a kan wani shimfiɗaɗɗen wuri, kowanne da jinkarsa ta shuci. Kwazazzabai biyu sun sa su tsakiya, ɗaya dama ɗaya hagu, cike da gamba busasshiya, sun gangara har bayan gari. A gaban rumbu na farko wata tsohuwa tana tsaye, 'yar firit, da 'yar ganga a hammata. Ita ce Inna Gaje, mai tsaron iri, yayar Magaji uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara arba'in tana zaune a wurin ita da awakinta.

Ko gaisuwa ba ta amsa ba. Ta ce, "Korau, mayar da kaskon nan."

Ya ce, "Haba Yaya, ina kwana ma ba za ki bari a yi ba? Tsumma ya ba da uku."

"Tsummanka yana ina?"

"Yana inda kakanni suka kafa shi mana."

"A bakin ruwa. To wutar a bakin ruwa za ka cinna ta? Kullum Gwaggo takan hau har ƙofar ɗakina ta jiƙa mini tabarma. Yau ko kuka ba ta wuce ba. Wani ne ya danne ta daga sama, kai ma ka san ko wane ne."

Na tambayi na kusa da ni wa take nufi, ya raɗa mini cewa akwai wata iska da take saukowa daga bayan Kandamau, busasshiya mai zafi, suna kiranta Mai Ƙishi. Amma ai lokacinta sai wata mai zuwa, in ji shi. Tsohuwar ta ji shi. Ta ce, "Wata mai zuwan ai shi ne wannan, sakarai. Kun manta kun makara?"

Ta juyo kaina ta ce, "Kai baƙo, ajiye kaskon ka miƙo yatsa." Ta sa na ƙwanƙwasa fatar gangar. Ta yi wata ƙara siririya mai tsini, tan! Ta ce, "In Gwaggo tana nan, fatar nan saki take yi, ka buga ta ce dum. Tun jiya da la'asar take ɗaurewa. Rabon da in ji ta da wannan murya, tun kafin a naɗa wannan ƙanen nawa mai taurin kai." Ta tsinko karan gamba ta lanƙwasa, ya karye ƙas, bai ko rusuna ba.

Magaji ya ɓata rai, dariyar nan tasa duk ta ɗauke. Ya ce, "Yaya, a gaban jama'a? Kasko ya bar ruwa, ba ya komawa. Kowace shekara sai kin samo abin da za ki ce. Bara kika ce tururuwa ce, bara waccan kika ce gashin akuya." Ya dube ni. "Baƙo, kai ka matse tsumman nan ko wani?"

Na ce ni ne.

"Ɗigo nawa?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"To bisimilla."

Ku da kuke saurarona, na san abin da kuke so in ce. Kuna so in ce na kife kaskon a ƙasa na taka garwashin. Ban yi ba. Zuciyata ta yarda da tsohuwar, leɓena da ya tsage ma ya yarda da ita. Amma in ganga ce mai gaskiya, to tsumman nan ba ilimi ba ne, ni kuma na riga na ɗaura kayana na komawa gida a kansa. Ga kuma wata 'yar iska mai sanyi tana taɓa ƙeyata daga ƙasa. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ga Gwaggon nan ina jin ta." Na tura bakin wuta cikin ciyawar da take sama da rumbuna.

Ta kama da wata irin gurnani, ta yi sama yadda ake so. Maza suka bi gefenta da gora suna waƙa. Cikin ɗan lokaci ta share fili mai faɗi, baƙi ƙirin, ta yi nisa. Har na juya na ce wa tsohuwar, "Inna, yau kam gangarki ta sha kunya." Ba ta dube ni ba, hayaƙi take kallo.

Na bi idonta. Hayaƙin da yake kwance yana bin tsauni ya miƙe tsaye kyam. Waƙa ta mutu a bakin maza. Komai ya tsaya, ko ganye ba ya motsi. Sannan kan hayaƙin ya sunkuyo a hankali ya dubo mu.

Iskar da ta bugi fuskata ban taɓa jin irinta ba, kamar an buɗe bakin tanda. Ta ɗauke hular Magaji, ta kayar da mutum biyu. Wutar da ta yi sama ta riga ta bazu dama da hagu har ta taɓa kawunan kwazazzaban nan biyu, Mai Ƙishi kuwa ta kama ta ta tura cikinsu. Na ga harshen wuta ya fi kuka tsawo yana gangarowa da gudun da doki ba ya yi. Na ga guntayen ciyawa masu ci suna tashi sama da kawunanmu suna sauka can gaba, duk inda suka sauka sabuwar wuta ta tashi. Abin da nake faɗi kawai shi ne, "Na sake! Na sake!"

Wani ya yi ihu, "Ruwa! Ku yi teku!" Maza sittin suka zubar da gora suka nufi hanyar gangara. Haka aka haife su, kowace masifa ta zo ruwa suke gudu. Hanyar kuwa ta ratsa tsakiyar gamba ne, wutar kuma ta kusa haɗe bakinta a can ƙasa.

Marin da Inna Gaje ta ɗauke ni da shi ne ya dawo da ni. Ta ce, "Kai da ka iya cinnawa, ba ka iya komai ba bayan haka?"

Sai na tuna tokar garinmu. Na tuna inda na kwanta na rayu, na tuna rumbuna ukun nan marasa jinka. Na sha gaban maza na ɗaga gora, na rantse duk wanda ya wuce sai na fasa masa kai. Na ce, "Ba za ku kai kuka ba za ta cim muku! Inda ta riga ta cinye, can za mu, sama! Amma ku fara ture jinkayen nan, laka ba ta ci, shucin ne zai kashe irin!"

Suka dube ni kamar mahaukaci, mutum yana cewa a gudu wajen da wuta ta fito. Magaji ne ya fara ɗaukar gora. Ya daka tsawa, "Ku yi abin da ya ce!" Muka kasu. Mu zura gora ƙarƙashin jinka mu ɗaga, iska ta fizge ta ta yi gangare da ita, wasu su hau su rufe bakin rumbun da faffaɗan dutse. Tartsatsi yana zuba a kanmu, riguna suna kamawa muna kashewa da tafi. Mun gama na huɗu ke nan jinkar na biyar ta kama. Ban nemi gora ba, da hannu na cakume ta na ja. Ga hannun nan kuna gani. A lokacin ban ji zafi ba, ƙaurin naman kawai na ji, har ina tambayar kaina wa yake gashi a wannan hali.

Muka gama na shida, numfashi ya gagara, hayaƙi ya mai da rana ja. Magaji ya ce a bar na bakwai, yana bakin kwazazzabo, wuta ta riga ta iso gindinsa. Muka ruga sama cikin baƙin fili, ƙasa tana cin tafin ƙafa, muka kwanta rubda ciki muka rufe fuska da riguna. Sai na ji wani abu ya faɗo kusa da kaina ya gangara. Ganga ce. Na ɗaga ido na ga bayan Inna Gaje, ta koma da gora a hannu.

Magaji ya yi ƙara, "Yaya! Yaya, dawo!" Ya yunƙura, mutum huɗu suka danne shi. Ta cikin hayaƙi na ga 'yar tsohuwar nan ta zura gora, ta sa kafaɗa, ta ɗaga jinkar da ƙarti uku suke ɗagawa da ƙyar. Jinkar tana ci ta tashi daga kan rumbun. Amma iska ba ta ɗauke ta ba, ta juyo da ita ne. Daga nan hayaƙi ya rufe, ban ƙara ganin komai ba.

Ba mu iya tashi ba sai bayan azahar. Abin da muka gani daga sama ya sa maza suka zube suna salati. Hazon nan da ya rufe gari babu shi, Mai Ƙishi ta kore shi can tsakiyar teku. Birnin Raɓa yana ci daga wannan gefe zuwa wancan. Allah Ya sa mata da yara da tsofaffi sun ga saukowarta sun shige kwale-kwale, muna hango su a kan ruwa birjik. Wutar ba ta tsaya ba sai da ta taka yashi. Daga baya na je na duba turken nan na kakanni, ya zama gawayi, ko zaren tsumman ban samu ba.

Rumbuna bakwai suna tsaye, sun yi baƙi, laka ta tsattsage. Muka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Iri yana nan. Na bakwai da ba a rufe bakinsa ba, saman ne kawai ya babbake kamar kamu ɗaya, na ƙasa lafiya lau sai ƙaurin hayaƙi. A gindinsa muka same ta, gorar tana hannunta. Magaji ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ba shi ne mai dariyar nan ba. Ni ko kukan ban samu ba.

A al'adarsu, in wuta ta yi ɓarna laifin na baƙon da ya cinna ne, a sa shi a kwale-kwale a tura, shi ya sa tun farko ba sa ba ɗan gari. Bayan kwana bakwai, da hannuna ya ɗan yi dama, suka raka ni bakin ruwa. Babu wanda ya jefe ni, babu kuma wanda ya dube ni. Magaji da kansa ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe bakin jirgin. Ya ce a hankali, "Al'ada ta ce laifinka ne, saboda haka dole ka tafi. Ni kuwa na san wanda ta kira da sunansa ta ce ya mayar da kasko." Ya ajiye mini gangar da wata 'yar jaka. "Irin nan daga rumbu na bakwai ne. Mun ɗaura fata a wata gangar, a can sama za ta zauna, inda ake cinna wutar." Ya tura ni, ya juya bai waiwayo ba.

Shekara huɗu na yi kafin in ga ganuwar garin nan, abin da na gani a hanya kuwa ba na yau ba ne. Na tarar da Yaya Cindo a ƙofar gida, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana shafa hannun nan nawa, sannan ya ce, "Ka san abin da za ta yi?" Na ce, "Yaya, ban sani ba. Na dai san ranar da ba a taɓa wuta, kuma ba ni na biya kuɗin karatun ba, wata tsohuwa ce ta biya da ranta." Na ba shi jakar. Ya buɗe ya sansana, ya ce, "Wannan gero ya ga abin da namu ya gani." Da damina ta faɗi, shi yana sara ni ina zubawa, muka shuka shi a gonar babanmu.

Furar da kuka shanye ɗazu, jikan jikan geron nan ne, na rumbu na bakwai. Wanda ya ji daɗinta ya yi wa Inna Gaje addu'a, ni kullum sai na yi. Iyakar abin da idona ya gani ke nan, abin da na ƙara Allah Ya yafe, abin da na rage Shi Ya fi ni sani. Yanzu ku miƙo mini gangar, surutunku ya sa yau ban taɓa ta ba.

Tsit. Ku saurara.

Kun ji? Ba dum ta ce ba. Wane ne cikinku na ji yana cewa ya bar sassabe yana ci a gonar bayan gari? Tashi! Ku duka ku tashi, ku bar takalman, ku ɗauki gora!